Zauren 'Yan Zazzau: tsakanin Mamman Shuwa da Murtala, wa ya fi iya jan runduna a yaƙin basasa?

Malam Sani T/Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗazu na biyo ta titin Gaskiya na wuce ƙofar Barewa sai wata magana da ta daɗe tana cina a rai ta dawo min, bari dai in amayar da ita yau ko da za a yi min ca. Makarantar nan ita ta yaye Murtala, ita ta yaye Mamman Shuwa, shekara ɗaya suka shiga soja 1958, dukansu sun je Sandhurst a Ingila, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka damƙa wa Shuwa runduna ta ɗaya, Murtala kuma ta biyu. To ni abin da na ce shi ne in dai maganar jan sojoji ce a fagen daga, Shuwa ya fi Murtala nesa ba kusa ba. Yaƙi nake magana fa, ban taɓo mulki ba. Amma yau ka tare yaro a Samaru ka ce waye Mamman Shuwa sai ya saki baki yana kallonka, abin nan yana min ciwo wlh

Alhaji Garba S/Gari: Wa alaikumus salam. Malam Sani ka ji tsoron Allah, Murtalan??

Abba Samaru: Gsky Malam ni ma ina cikin yaran da kake faɗi, sunan kawai na taɓa ji. A yi mana bayani don Allah

Malam Sani T/Wada: To Abba ɗana saurara. Mutumin Borno ne, can wajen Kala Balge, an haife shi 1939. Ranar 6 ga Yuli 1967 da aka fara harbi a Gakem wajen Ogoja rundunarsa ce ta fara, cikin watan nan na Yuli suka karɓe Ogoja suka karɓe Nsukka, ran 4 ga Oktoba suka shiga Inugu wadda ita ce babban birnin Biyafara gaba ɗaya, T.Y. Danjuma ne ya ja dakarun da suka shiga. Da Ojukwu ya mai da hedikwata Umahiya, nan ma rundunar Shuwa ce ta karɓe ta a Afrilun 1969. Manyan biranensu biyu kenan a hannun runduna guda. Kuma salon mutumin shi ne ba ya matsawa gaba sai ya tabbatar bayansa a tsare yake, abinci ya iso, harsashi ya iso, akwai hanyar kwashe wanda ya ji rauni, sannan ya ɗaga ƙafa. Ka duba hafsoshin da suka yi aiki a rundunar nan, Danjuma, Buhari, Babangida wanda a wajen Uzuakoli ma aka harbe shi a 1969, duk ƙarƙashinta suka yi yaƙi.

Alhaji Garba S/Gari: Ka gama? To bari in ba ka naka. Ni lokacin yaƙin nan ina saurayi ina taya babana zaman shago a Sabon Gari, na san irin tsoron da ya shiga mutane a watan Agustan 67. Ran 9 ga wata sojojin Ojukwu suka tsallaka gadar Anacha suka mamaye jihar Midwest a yini guda ba wanda ya tare su, gwamna Ejoor da kyar ya sha, suka nausa har Ore, Ore fa Malam, kamar kilomita 200 ya rage su shiga Ikko inda Gowon yake zaune. A lokacin ina Shuwan naka? yana can Nsukka yana lissafi. Wa aka kira? Murtala. Kuma ba runduna aka ba shi ba, suna aka ba shi aka ce je ka nemi mutane, ya tattaro akawuna da kukun bariki da direbobi da tsofaffin sojan yaƙin Bama da suka riga suka ajiye kaki da kuratan da ko riƙon bindiga ba su gama koya ba, an ce ba a fafe gora ranar tafiya amma shi ranar tafiyar ya fafe nasa, kuma da wannan tarkacen ya koro su daga Ore ya ƙwace Binin a watan Satumba, kafin sati na farko na Oktoba ya ƙare ya kai bakin kogi a Asaba. Wata biyu bai cika ba! Ka nuna min inda Shuwa ya yi irin wannan

Nura (admin): Baba Alhaji ya zo da zafinsa. A ci gaba amma don Allah banda zagin ƙabila ko addini, akwai kowa a zauren nan

Malam Sani T/Wada: Alhaji wannan ban musa maka ko ɗaya ba, na ba shi Midwest ɗungurungum, aiki ne na namiji. Amma ka tsaya a bakin kogi, ni kuma a nan maganata ta fara. Da 'yan Biyafara suka ja da baya sun karya gadar Neja. Hedikwatar soja a Ikko ta ba shi shawara kada ya tsallaka daga Asaba kai tsaye tunda maƙiyi na jiransa a ɗaya gaɓar, ya haura arewa ya tsallaka ta Ida inda ba mai harbinsa, ya biyo ta yankin da Shuwa ya riga ya share ya sauko wa Anacha ta tudu. Ya ƙi. Ya loda mutane a jiragen fito, karon farko sun sauka har sun shiga gari, babbar kasuwar Anacha ta ƙone, sojojin suka watse cikin gari ba tsari, taimakon da zai biyo baya bai iso ba, su Achuzia kwamandan Biyafara suka dawo musu, ga wuta a gaba ga ruwa a baya, yaranmu na arewa akasarinsu ba su iya iyo ba. To a ce ƙaddara ce. Ya sake na biyu. Ya sake na uku Alhaji, a kogi ɗaya a wuri ɗaya! Ƙarshe hanyar Idan nan da ya ƙi tun farko ita ya bi, sai Maris 1968 Anacha ta faɗi. Wata biyar da rayukan da ba su ƙirguwa aka biya kafin a yi abin da aka gaya masa tun ranar farko.

Abba Samaru: Innalillahi, sau uku? to shi me ya sa ya ƙi bin shawarar

Malam Sani T/Wada: Ni a nawa ganin abu biyu ne, yana son ya gama da wuri tunda ya ga sun karaya suna gudu, sannan bai so a ce sai da ya ratsa gonar Shuwa kafin ya ci gari. Na biyun fahimtata ce ba ruwaya ba. Amma sanannen abu ne kwamandojin nan uku, shi da Shuwa da Adekunle mai rundunar kudu, kowa yaƙinsa yake yi kamar sarki a ƙasarsa, har makaman da suka sauka a tashar jirgin ruwa rige-rigen kwasa ake yi

Danladi Wusasa: Barkanku da dare. Malam ka taɓo inda ya shafe ni shi ya sa zan sa baki. Babana nan Daffo, makarantar kuratan soja ta Zariya, ya yi horo kafin yaƙi, runduna ta ɗaya ya yi tun daga Nsukka har ƙarshe, yana nan da ransa ya haura 80. Abin da yake yawan gaya mana shi ne su a wajensu ba a tura ka gaba da yunwa, kuma in aka ce gobe za a kai hari to igwa za ta yi aikinta tukun kafin ƙafa ta taka, shi ya sa yake cewa da yawansu sun dawo gida. Amma gsky zan faɗa ko da babana ne, Alhaji yana da hujja guda da ba a amsa ba. Sojojin da suka san aiki tun kafin yaƙi, bataliyoyin Kaduna da Kano, galibi Shuwa ne ya gaje su. Ka ba mutum ɗaya ƙwararru ka ba ɗayan 'yan koyo sannan ka ce a gwada su a sikeli ɗaya, akwai rashin adalci a ciki

Alhaji Garba S/Gari: Allah ya yi maka albarka Danladi, ka gaishe min da baban

Malam Sani T/Wada: Danladi ai wannan hujjar tawa ce ba ta Alhaji ba. Wanda ya san 'yan koyo ne a hannunsa shi ya fi kamata ya yi taka tsantsan. Tsallaka babban kogi ana harbinka ko ƙwararrun sojojin duniya sai sun yi shiri na musamman, su san jirgi nawa ne, wa zai fara sauka, wa zai rufa masa baya, in abu ya ɓaci ta ina za a dawo. Kai kuma kana da yaron da sati kaɗan da suka wuce yana noma a Giwa ko Soba ka sa shi cikin jirgin fito. Kuma ba a nan ta tsaya ba, ran 31 ga Maris 1968 a Abagana aka yi wa ayarin motocin rundunarsa kwanton ɓauna, motoci wajen ɗari a jere a hanya ɗaya har da tankokin mai a tsakiyarsu, Manjo Uchendu da mutanensa suka harba bam ɗin nan nasu na gida da suke kira ogbunigwe ya sami tankar mai, wuta ta bi layi ta cinye kusan komai. Wa ke jera mai da albarusai da mutane wuri guda a ƙasar maƙiyi? Bayan nan bai daɗe ba ya bar rundunar, Ibrahim Haruna ya karɓa, shi kuma ya koma sashensa na sadarwa, don asalinsa ma hafsan sigina ne

Alhaji Garba S/Gari: To ai kai ma ka faɗa da bakinka, ɗan sigina ne aka ɗauko don babu wani, ya karɓa bai ce a'a ba. Yanzu bari in tambaye ka. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma ka ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shuwa ya shiga Inugu Oktoban 67, bai shiga Umahiya ba sai Afrilun 69, shekara ɗaya da rabi Malam! A cikin shekara ɗaya da rabin nan me ya faru? Ojukwu ya samu sarari ya sake shiri, ya mai da titin mota a Uli filin jirgi ana sauke masa kaya da dare, Faransa ta fara taimaka masa, ƙasashe irin su Tanzaniya da Gabon da Zambiya da Kwaddebuwa suka amince da shi, yunwa kuma ta shiga tana kashe ƙananan yara ba adadi. Kai kana ƙirga sojan da ya nutse a Anacha, to wa zai ƙirga yaran da suka mutu saboda yaƙin ya ja wata 30? Da Murtala ya samu ya riƙe Anacha a karon farko, Nnewi garin su Ojukwu na nan kusa, Uli na nan gaba kaɗan, wlh da wataƙila yaƙin bai kai ƙarshen 1968 ba. Mutumin ya ga hanya gajera ya yi kasada, bai dace ba. Da ya dace da yau kai ne kake koya wa ɗalibai hikimarsa

Ummi Gyallesu: Kai wannan magana ta Baba Alhaji ta shige ni. Ban taɓa tunanin jinkiri ma yana kisa ba

Malam Sani T/Wada: Ta shige ni ni ma Ummi, kuma ita ce suka mafi ƙarfi da ake yi wa Shuwa, ba zan ɓoye ba. Akwai lokacin da ya kamata ya matsa bai matsa ba. Amma Alhaji kasada sau ɗaya ake kiranta kasada. In ka jefa guga ta tsinke ka sake jefa wata da igiya iri ɗaya ta tsinke ka sake ta uku, wannan kuma sunansa daban. Sannan jinkirin da kake faɗi wani ɓangarensa ai Anachar ce ta jawo, runduna guda ta maƙale wata biyar a bakin ruwa, makamai da mutanen da aka zuba a can da wani wuri suka tafi. Kuma ka lura, garin da runduna ta ɗaya ta karɓa irin Nsukka da Inugu da Umahiya ba a sake ƙwace shi ba, amma dubi Owerri da rundunar Adekunle ta kama da sauri a Satumban 68, zuwa Afrilun 69 ta kuɓuce

Hajiya Binta K/Doka: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina ta hawaye ni kaɗai. Ku kuna maganar manya ni bari in yi maganar ƙanana. Kawuna ƙanin mahaifiyata shekararsa 19 ya tafi, kakarmu ta raka shi har tashar jirgin ƙasa ta nan Sabon Gari da ƙullin ƙuli-ƙuli da dakuwa, ya leƙo ta taga ya ce Inna kafin kaka na dawo. Ba a sake ganinsa ba, ba gawa ba takarda ba wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Da aka gama yaƙi a Janairun 1970 sojoji suna ta dawowa, tsohuwar nan duk ranar da ta ji an ce jirgi zai iso sai ta yafa gyale ta tafi tasha ta tsaya tana duba fuskoki, ta yi haka ya fi shekara, har ta rasu ba ta yarda a raba 'yan kayansa ba. Ni ban ɗora wa kowa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma in ana maganar wane kwamanda ya fi, ni dai wanda ya dawo wa da uwaye 'ya'yansu shi ne nawa, ko shekara goma zai yi a hanya

Nura (admin): Allah ya jiƙansa Hajiya, ya jiƙan Inna

Alhaji Garba S/Gari: Amin. Hajiya na san tsofaffin nan na tasha, na gansu da idona, ba ɗaya ba ba biyu ba. Allah ya gafarta musu

Danladi Wusasa: Allah ya ba da haƙuri Hajiya. Tunda an zo nan bari in ɗauko abin da kowa ke zagayewa. Asaba. Ran 7 ga Oktoba 1967 mutanen garin suka fito cikin fararen kaya suna rawa suna cewa Najeriya ɗaya don su nuna ba faɗa suke ba, aka ware maza daga mata a unguwar Ogbe Osowa aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, kuma sojojin runduna ta biyu ne. Mutanen nan ba ma 'yan yankin Biyafara ba ne, 'yan Midwest ne da aka ce an zo 'yantarwa. Gowon tun farkon yaƙi ya fitar da ƙa'idojin da soja zai bi, a ciki har da kada a taɓa farar hula da wanda ya miƙa wuya. Mu a Wusasa muna alfahari da shi don a nan ya tashi, nan iyayensa suka zauna, amma shi kansa daga baya sai da ya je ya ba mutanen Asaba haƙuri. To in shugaban ƙasa ya ɗauki nauyin, kwamandan rundunar fa?

Abba Samaru: Wai dama da gaske ne abin nan? ni na ɗauka farfaganda ce irin ta Facebook

Malam Sani T/Wada: Da gaske ne Abba, akwai waɗanda suka tsira da ransu suka ba da shaida, iyalai sun tattara sunayen mamatansu. Mu dai a nan arewa ba a koya mana ba ne, kuma rashin koyarwar bai amfane mu da komai ba

Alhaji Garba S/Gari: Danladi ba zan kare kisan wanda ya ɗaga hannu ba, addinina ya hana, wanda ya yi zai tsaya gaban Allah. Amma ka kawo min shaidar cewa Murtala da bakinsa ya ce a harbe su? runduna dubbai ce, a warwatse, rabinsu jiya suka sa kaki

Danladi Wusasa: Baba ban ce shi ya ba da umarni ba kuma ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Amma a soja babana ya koya min abu ɗaya, in kurtu ya yi ɓarna kofur ake tambaya, in bataliya ta yi kwamanda ake tambaya. Ba zai yiwu Binin ta zama tasa Asaba ta zama ta wasu ba, runduna ɗaya ce cikin sati uku

Alhaji Garba S/Gari: Wannan kam ka kama ni. Na karɓa, nauyi ne a wuyansa, Allah ya yafe masa. Amma ku ma ku karɓi nawa, ku daina yi kamar sauran rundunonin mala'iku ne, yaƙi ne da aka yi ta ruwan bama-bamai a kan kasuwanni aka toshe hanyar abinci, ba wanda ya fito da farar riga. Kuma ku tuna shekarunsu, Murtala 28, Shuwa bai wuce haka ba, Gowon 32, Ojukwu 33, sojan ƙasar gaba ɗaya wajen dubu 10 kafin yaƙi ya kumbura ya kai wajen dubu 250, ba ɗayansu da ya taɓa jan ko birged a yaƙi na gaske, ɗan abin da suka gani a Kwango ne kawai. Abba kai yanzu shekarunka nawa

Abba Samaru: 26 Baba

Alhaji Garba S/Gari: To ka ji, saura shekara biyu a ba ka mutum dubbai a ce ka hana ƙasa tsagewa

Ummi Gyallesu: Ni tambayata ga Malam, in har haka ne me ya sa Murtala ne a kan naira 20, shi ne filin jirgin Legas, shi ne asibiti a Kano, duk gidan da ka shiga akwai mai sunansa? mutane ba wawaye ba ne ai

Malam Sani T/Wada: Ummi 'yata ba wawaye ba ne ko kaɗan, kuma ni ma ina cikin masu sonsa, ƙanina sunansa Murtala don a 76 aka haife shi. Amma wanda muke so ɗin Murtalan 29 ga Yuli 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976 ne, kwana wajen 200, wanda ya sa ma'aikaci ya riƙa zuwa ofis a kan lokaci, ya taso wa cunkoson jiragen siminti a Apapa, ya mai da jihohi 19 daga 12, ya yanke a koma Abuja, ya je Addis Ababa ya tsaya wa Angola bai ji tsoron Amurka ba, sannan aka harbe shi cikin go-sulo a Ikko ba jiniya ba ayarin rakiya yana da shekara 37. Wannan mutuwar ita ta lulluɓe duk abin da ya gabata. Kuma halin ɗaya ne fa in kin duba, zafin nan da yanke magana nan take da ƙin jiran shawara, a kujerar mulki ya burge talaka don an gaji da jan ƙafa, ko da yake korar ma'aikata sama da dubu 10 da ya yi ta haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, a bakin kogin Anacha kuma halin nan ne ya ci mutane. Ni abin da nake roƙo kawai kada son da muke wa na 75 ya hana mu faɗin gaskiya a kan na 67

Alhaji Garba S/Gari: Ranar da aka kashe shi Juma'a ce, ina shago aka saki kiɗan soja a rediyo muka ji muryar Dimka jagoran masu juyin mulkin, wlh Sabon Gari har Ibo da Yarbawa na ga suna kuka. Ba zan taɓa mantawa ba

Malam Sani T/Wada: Shi ma Shuwa Juma'a ce Alhaji, 2 ga Nuwamba 2012, a gidansa na unguwar Gwange a Maiduguri 'yan bindiga suka harbe shi, tsoho ɗan shekara 73 da ya ƙi barin unguwarsa duk da abin da garin ke ciki a lokacin. Mutumin da ya ci Inugu da Umahiya, ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Murtalan kansa, aka yi kwana biyu ana magana aka yi shiru. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a ƙofar Barewa ɗazu

Hajiya Binta K/Doka: Allahu akbar, ashe shi ne wanda aka kashe a Maiduguri, na tuna an faɗa a rediyo amma ban san ko waye ba

Danladi Wusasa: Abu ɗaya dai Malam kada mu manta, a Mayun 1969 Gowon duka ya sauya su, ya cire Shuwa ya sa Bisalla, ya cire Adekunle ya sa Obasanjo, runduna ta biyu aka ba Jalo. Ke nan shi ma Shuwa ba a ga ya isa ya ƙarasa ba. Kuma wata takwas bayan nan aka gama, Effiong mataimakin Ojukwu ya miƙa wuya. Ni shi ya sa nake ganin rabin laifin Anacha na Dodon Bariki ne, fadar Gowon, in hedikwata ta san hanyar nan halaka ce me ya sa ta tsaya a shawara, me ya sa ba ta ba da oda ba, bayan na farko ma me ya sa aka bari ya yi na biyu

Malam Sani T/Wada: Wannan tambaya ce mai nauyi Danladi kuma amsarta tana Yulin 1966. Murtala ne jagoran hafsoshin arewa da suka yi juyin mulkin ramuwa, da farko ma araba suke so, da aka lallashe su aka tsaya a kan Gowon. To wanda ya ga da hannunsa ka hau kujera ba kullum yake jin odarka ba, shi kuma Gowon mutum ne mai lallashi. Ka ga ko a nan Shuwa ya bambanta, bai da wannan jin kan cewa shi ya naɗa sarki

Alhaji Garba S/Gari: Malam ni dai ban sauka ba. Na ba ka Asaba, na ba ka na biyu da na uku a kogi, amma ran da wuta ta kama gida har ta kai Ore ba mai lissafi aka nema ba, kuma da Ikko ta faɗi a Agustan nan da babu Inugun da Shuwa zai shiga. Ka amsa min wannan tukun

Malam Sani T/Wada: Banjo da ya jagoranci 'yan Biyafara ai shi ya tsaya ɓata lokaci a Binin har aka samu sararin shiri, shi ya sa ma Ojukwu ya sa aka harbe shi a Satumban nan. Amma ban hana Murtala ladansa na Ore ba, gobe in na fito zan biyo ta shago mu ƙarasa da baki, yatsana ya gaji

Alhaji Garba S/Gari: Ka zo bayan la'asar, ina nan

Abba Samaru: Yaya Danladi don Allah ko za ka tambayar mana baba, su da suke ƙasa a lokacin da labarin Anacha ya iso musu me suka ce a tsakaninsu, in zai yarda ka ɗauko mana muryarsa ka turo

Danladi Wusasa: Ba ya son maganar yaƙi da dare, in ya yi ba ya barci. Ran Lahadi in mun taso coci zan zauna da shi in tambaye shi, Hajiya ki turo min sunan kawun naki ta gefe da shekarar da ya shiga Daffo in haɗa in tambaya ko ya san shi